Albasar Malama

Ranar Litinin ta farko a watan Disamba, a shekarar da nake aji huɗu, Malamarmu ta shigo aji rungume da wani kwali, ta ajiye shi a kan tebur a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Wata uku ke nan da zuwana Amurka. Ina zaune a kujerar ƙarshe kusa da taga, cikin rigar sanyin da Abba ya saya mini wadda hannunta ya rufe har yatsuna, wai don in girma a ciki. Malama ta je jikin bango inda aka liƙa wata doguwar takarda mai watanni sha biyu, kowane wata da hoton dutse da hoton fure da sunayen yaran da aka haifa a cikinsa. Ta ɗora yatsa a kan watan ƙarshe, ta kira wani yaro, ta kira wata yarinya, sai na ji ta ce Habiba. Na waiga baya in ga wace Habibar ce, alhali ba kowa a bayana sai bango. Ajin ya fashe da dariya. Malama ta yafito ni da hannu, na tashi na tafi, ta buɗe kwalin ta miƙa wa kowannenmu kwalba mai faɗin baki. A cikin kwalbar akwai fararen tsakuwa da ɗan ruwa a ƙasa, da wata tsakuwa guda shuɗiya mai sheƙi, sannan a samansu an ɗora wani abu dunƙulalle mai ɓawo ja-ja-ja. Na dube shi sama da ƙasa, a raina na ce, kai, yau ga ikon Allah, an tara aji guda don a ba ni albasa ƙwaya ɗaya.

Ni dai a iya sanina ba a Disamba aka haife ni ba. A garinmu da ke yankin Kura ba wanda ya damu da ranar haihuwar wani, balle a yi masa waƙa. Abin da na sha ji a bakin Umma shi ne da damina ta haife ni, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, har unguwarzoma sai da ta tattare zane ta ratsa kwata kafin ta iso gidanmu. Amma da wane Turancin zan yi wa Malama wannan bayani? Duk abin da na iya a lokacin bai wuce gaisuwa da neman izinin fita bayan gida ba. Kuma in faɗi gaskiya, ko da na iya ba zan faɗa ba, don tun da na shigo makarantar nan ranar ce ta farko da aka kira sunana ba don a gyara mini wani kuskure ba. Na rungume kwalbar har aka tashi, na tako da ita gida a ƙirjina, iska mai sanyi daga bakin ruwa tana yankar kunnuwana.

Gidanmu a unguwar Stapleton ɗaki biyu ne a hawa na uku, ni da Abba kaɗai. Shi ya fara zuwa karatu, ya samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Manhattan, sannan ya nema mana takardu ni da Umma. Nawa suka fito, nata aka ce sai an kira ta ganawa a ofishin biza. Abba ya ce kada in rasa farkon shekarar karatu, ya zo ya taho da ni, aka yi da Umma cewa wata uku ne kawai, kafin sabuwar shekara tana nan tafe. Ranar da za mu taho ta yi mini kitso da hannunta, ta tsuke shi sosai har fatar kaina tana zafi, tana cewa ya kai ni har ta zo. Bai kai ba. Wata Anti Ramatu, 'yar Kumasi da ke hawa na ƙasa, ita ta riƙa tsefe mini tana sakewa, tana ce mini “kai” kamar namiji, irin Hausarsu ta can. Ita ce kuma ke leƙo ni in na dawo makaranta kafin ta fita nata aikin na jinyar tsofaffi. Daga ƙarfe uku har Abba ya dawo, ni ce da gidan. Makulli a wuyana cikin zare, dokoki uku a kaina: kar in buɗe wa kowa ƙofa, kar in kunna murhu, kar in leƙa taga da yawa. Ta ukun ce ban taɓa bi ba.

Wanda bai tashi a gidan yawa ba ba zai gane abin da shirun nan ya yi mini ba. A gidanmu na can, kafin gari ya gama wayewa an fara daka, awaki suna kuka a turke, wannan tana shara waccan tana jan ruwa a rijiya, yara goma sha muna rububin ɗumame a kwano ɗaya. Ko so kake ka zauna kai kaɗai ba ka samun wuri. Da yamma mu 'yan mata mu baje a ƙofar gida muna carafke da 'yar gala-gala, in akwai farin wata mu yi gaɗa har a fito da bulala a kore mu. Nan kuwa in na shigo na rufe ƙofa, ba abin da nake ji sai ƙarfen ɗumama ɗaki yana ƙwanƙwasa kansa, da takun mutanen sama da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Tun kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi, abin da ya fi komai ba ni tsoro, don na ɗauka ranar garin nan ciwo take yi. A filin makaranta ma haka. Yara suna tsallen igiya biyu a lokaci guda suna rera waƙa, ni ina jikin shingen waya hannuwa a aljihu, ina ƙirga jiragen da ke wucewa. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya dake ni. Kawai dai ba a ganina, kuma wallahi da duka da wannan gara duka.

Da Abba ya dawo ya ga kwalbar, abin da ya fara tambaya shi ne ko an ce mu dafa. Sai na miƙa masa ɗan katin da Malama ta haɗa mana da shi. Ya sa tabarau ya karanta yana fassara mini. Wai kowane wata yana da dutsensa da furensa. Dutsen Disamba shuɗi ne mai ɗan ratsin kore, Abba ya ce a littattafan Larabci fairuz ake ce masa, kuma mutanen da suna ɗaura wa matafiyi shi don ya isa lafiya. Shuɗiyar tsakuwar da ke cikin kwalbata ba shi ba ne, gilashi ne aka sa a madadinsa. Furen kuwa sunansa narsisas, fari ne, yana fitowa a tsakiyar sanyi lokacin da komai ya bushe, shi ya sa ake cewa alamar sa rai ce ga mai jiran wani abu. In an kula da shi, cikin sati huɗu zai buɗe. Abba ya cire tabarau ya ce, “Camfin Turawa ne, Habiba. Dutse ba ya tsare kowa, Allah ke tsarewa.” Na ce to. Amma ni lissafina ya riga ya tafi wani wuri. Sati huɗu daga ranar ya faɗa daidai ƙarshen wata, daidai zuwan Umma. Dutse na matafiyi, fure na mai jira. Ina matafiyin da ya wuce Umma, ina mai jiran da ya wuce ni? A take na ƙulle a raina cewa ranar da furen nan ya buɗe, ranar Umma za ta shigo gidan nan, ta tarar da shi a bakin taga. Ban gaya wa kowa ba. Sunan furen ma ya ƙi zama a bakina, na ci gaba da ce masa albasar Malama.

Shuɗiyar tsakuwar na fara sallama. Ranar Juma'a Abba ya ce wani abokinsa zai tafi Kano, zai ba shi hotunana da maganin ciwon ƙafa ya kai gida, kamar yadda kowa ke yi in an samu mai tafiya. Na faki idonsa na naɗe tsakuwar a takarda na tura cikin ambulan. Bayan sati ɗaya, ranar Lahadi, Abba ya kankare katin waya ya kira lambar kawuna, aka kai wa Umma. Muryarta tana zuwa a makare, in na yi magana sai in ji tawa ta dawo mini kafin tata ta iso. Ta ce ta ga hotuna, na rame, wa ke mini kitso, ina cin abinci kuwa? Can ta ce, “Wannan tsakiyar da ba ta da huda fa, ta mece ce?” Abba yana tsaye a kaina, na rasa yadda zan yi, na ce ta dai riƙe ta in za ta hau jirgi. Umma ta yi dariya, dariyar nan tata mai ƙarewa da tari, ta ce, “To uwata, zan riƙe.” Kati ya ƙare kafin in ce mata komai kuma.

Saura albasar. A nan ne na tafka abin da na tafka, kuma ba rashin sani ya ja mini ba, sanin ne. Kakana na wajen uwa, Baba Tsoho, manomin albasa ne. Tun ina 'yar shekara biyar nake bin yayyena mu kai masa fura lambu da rani, in zauna a kan kunya ina kallon yadda yake buɗe wa ruwa hanya daga wannan fangali zuwa wancan da bakin fartanya. Na san yadda ake dasa, na san yadda ake cirar ciyawa ba a taɓa saiwa ba, na san ƙanshin lawashi in an tsinke shi da safe. Na kuma ga yadda yake yi da albasar iri, wadda ake so ta yi kara ta fitar da farin fure: sai ya zaɓi manya, ya sa wuƙa ya yanke musu kai, sannan ya binne su. Yakan ce, “In ba ka buɗe mata ƙofa ba, ta ina za ta fito?” To ni da na ga wannan duka da idona, sai ga wata baiwar Allah ta ɗora albasa a kan tsakuwa, ba ƙasa ba taki, ba a yanke kai ba, wai ta yi fure. Har tausayin Malama na ji. Na ce mutanen nan sun iya jirgi sun iya gini, amma noma ba nasu ba ne. A duk ajin nan, ga abu guda ɗaya tak da na fi kowa sani, har da mai koyarwar. Kwana biyar na zuba wa kwalbar ido ban ga wani abin kirki ba sai 'yan fararen saiwoyi, na ce a'a, a wannan tafiyar Umma sai ta shekara ba ta zo ba.

Ranar Asabar da Abba ya tafi aikin rabin yini, na karya dokar ƙofa. Na ɗauki babban cokali da gwangwanin madara na sauka bayan gida inda ake ajiye shara. Ƙasar ta daskare ta yi tauri, na yi ta sara har cokalin ya lanƙwashe, yatsuna suka daina jin komai, da ƙyar na cika gwangwanin. Taki kuwa ban sha wahala ba, don tattabaru sun cika bakin tagarmu da kashi, kuma na san a lambu ba takin da ya kai na tattabara daraja. Na kankaro shi na cuɗa. Sannan na ɗauko wuƙar Abba, na yi bisimilla kamar yadda Baba Tsoho ke yi, na fille wa albasar kai. Na lura ba ta yi yaji a ido ba, ba ta kuma yi warin albasa ba, a tsakiyarta ma akwai wani ɗan abu kore-kore da wuƙar ta raba biyu. Hakan ya ɗan tsaya mini a rai, amma na ce ai albasar Turawa ce, komai nasu ba shi da ƙarfi. Na binne ta, na danna ƙasar da tafin hannu, na ɗora gwangwanin a kan ƙarfen ɗumama ɗaki tunda ranar garin ba ta da zafi. Safe da yamma ina ban ruwa, ba fashi. Ko kusa ban tuna cewa fangali yana shanye ruwansa ba, gwangwani kuwa ba ta inda zai fita.

Kwanakin nan su ne mafi daɗi da na yi tun zuwana, ba zan ɓoye ba. Na samu abin da ke jirana a gida. Ina shigowa zan yar da jaka in tsuguna gaban gwangwanin in gaishe shi, in ba shi labarin makaranta da Hausa, in gaya masa kwana nawa suka rage. Fararen tsakuwar da na juye daga kwalba kuwa na zaɓi masu kyau na riƙa carafke da su a kan kafet, in yi wasana in yi na abokiyar wasa, in ci in kuma cinye kaina, har da gardamar an yi maguɗi. Na share ɗakin Abba na gyara gefen gadon da Umma za ta kwanta, na ware mata ƙugiya biyu a inda ake rataye kaya. Anti Ramatu ta leƙo wata rana ta ga gwangwanin a kan ƙarfe ta ce, “Kai Habiba, wannan shuka kake ko dafuwa?” Na yi mata kallon wadda ba ta san noma ba.

A sati na uku wari ya fara tashi. Da farko na ɗora wa takin laifi. Ranar Juma'ar da aka ba mu hutun ƙarshen shekara na dawo na tarar ƙasar ta yi kumfa-kumfa, ɗakin duk ya ɗauka. Na sa yatsa na tona. Abin da na taɓo ya narke a hannuna, ruɓaɓɓe, baƙi-baƙi, ba saiwa ba tsiro. Ashe kallon kitse na yi wa rogo. Abin ba albasa ba ne ko kaɗan, kuma ɗan koren nan da na raba biyu, daga baya na gane, shi ne furen kansa yana kwance a ciki yana jiran lokacinsa. Na zauna a ƙasa da laka a hannu, ban yi kuka ba, tsoro ya hana ni. Na wanke gwangwanin na tura shi can ƙarƙashin shara, na buɗe taga don warin ya fita, sanyi ya cika gidan. Da Abba ya shigo bai ko tambayi dalilin sanyin ba. Ya zauna da takalmansa a ƙafa, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya ce Umma ta je ganawar jiya, an ce ta koma gida, za a sake nemanta. Na ce yaushe? Ya ce ba su faɗa ba.

Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Ni na san abin da ya faru, ni kaɗai. An ba ni abu a hannu, an ce in kula da shi kawai, na sa wuƙa na yanka, ga shi na yanke wa uwata hanya. Ina sallah ina roƙon Allah ya yafe mini, ina kuma jin kunyar roƙon, don Abba ya riga ya ce camfi ne. Ranar Lahadi da hantsi ya ce in sa riga mu fita. Yawonmu guda ɗaya ne dama a garin nan: mu taka zuwa tashar St. George da ke bakin ruwa mu hau jirgin fito, mu tsallaka Manhattan, mu sake hawa mu dawo. Ranar mutane ba yawa. Muka zauna a benci jikin taga, ruwan ya yi launin toka, tsuntsaye suna bin jirgin a baya. A kusa da mu wata mata tana gyara wa 'yarta hula, tana tura mata gashi ciki da yatsa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, “Abba, ni ce na hana Umma zuwa.” Sai kukan da na riƙe ya ɓalle, na zayyane masa komai, da wuƙar, da takin tattabaru, da tsakuwar da na saka a ambulan.

Na zaci zai yi faɗa, ko ya yi dariya. Bai yi ko ɗaya ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya ce, “Ba ke ba ce, Habiba. Ni ne.” Sannan ya yi mini bayani dalla-dalla kamar yana magana da babba. A gida aka haife ni, ba takardar asibiti. Da ya tashi nema mini fasfo ya je yin takardar shaidar shekaru, magatakarda ya tambaye shi ranar haihuwa. Shekarar ya tuna, watan Bature kuwa ya ɓace masa, don yana makaranta a Zariya lokacin, suna kawai ya zo. Magatakarda ya ce irin wannan ƙarshen shekara suke sakawa, ya rubuta talatin da ɗaya ga Disamba, Abba ya sa hannu ya fito, bai ko ga abin da zai gaya wa Umma a ciki ba. Ita kuwa da za ta je ganawa, don ta tabbatar musu ita ta haife ni, sai ta ɗauko katin rigakafina da ta adana shekara tara a ƙasan akwati. Aka tambaye ta yaushe ta haifi 'yarta, ta ce da damina. Aka duba katin, ga allurar farko a watan Agusta. Aka duba takardar Abba, ga Disamba. Jaririya ta sha allura wata huɗu kafin a haife ta. Suka ce sai an sake bincike a tabbatar matar nan da yarinyar nan da mutumin nan gida ɗaya suke. Abba ya ce, “Ita gaskiya ta faɗa. Ni ne na raina abin.” Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Jirgin ya isa, kowa ya sauka, muka bi layi muka sake shiga muka dawo.

Da aka koma makaranta a Janairu, yaran nan biyu suka zo da kwalabensu, kowace ta yi dogayen ganye da tarin fararen furanni ƙanana. Malama ta jera su a bakin taga, daidai kusa da kujerata. Suna da kyau, ba zan yi musu ƙarya ba, amma ƙanshinsu mai nauyi ne, ni dai turken awaki ya riƙa tuna mini. Malama ta tambaye ni nawa, na ce ya mutu. Ta dafa kafaɗata ta ce ba komai, wani lokacin haka suke yi. Sunana ya ci gaba da zama a ƙarƙashin Disamba har ƙarshen shekara, ni kuma duk sanda na ɗaga kai na gan shi sai in kawar da ido.

Wata ukun Umma sai da ya zama shekara uku. Aka yi ta aike da takardu, aka yi rantsuwa a kotu, aka ɗebi jininmu aka gwada. A tsakanin nan na iya tsallen igiya biyu, na iya kitsa kaina, na iya dafa shinkafa da miya, na fara mafarki da Turanci. Har abin da ke fara zuwa wa 'ya mace ya zo mini, Anti Ramatu ce ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ranar da Umma ta sauka ina da shekara sha biyu, na kusa kamo ta a tsawo. Ta fito tana tura kaya tana dube-dube, idonta ya wuce ta kaina sau biyu yana neman wata ƙarama. Da muka iso gida ta buɗe akwati tana fito da daddawa da kuka da yaji, can ƙasa ta ɗauko wata leda. Riga da zane ne na atamfa, da ɗan kallabinsu, an yi wa wuyan ado da zare. Tun waccan Disambar ta kai aka ɗinka mini, ta shirya akwatin, ba ta sake kwance shi ba. Ta ɗaga rigar ta kara a ƙirjina. Ko cibiyata ba ta kai ba. Umma ta ce, “Ai na san kin girma, ina ganin hotuna. Hannuna ne ya ƙi cire ta.” Na so in ce mata wani abu mai daɗi da Hausa, amma abin da ya fito Turanci ne.

Yanzu Umma tana unguwar Soundview tare da Abba da ƙannena biyu da aka haifa a nan, waɗanda ba su taɓa kwana ɗaya ba ta gidan ba. Ni ina aikin jinya, ina da tawa 'yar. Kullum sai mun yi waya, ina ganin fuskarta tana ganin tawa, ba katin da zai ƙare, ba muryar da ke zuwa a makare. Yaran da ake kawowa yanzu su bar iyayensu a gida, da safe uwar ke tashinsu ta waya, ta ga abin da suka ci, ta ga wanda ya yi musu kitso. Ina taya su murna, ina kuma ɗan jin kishinsu, ba zan musa ba. Ni da Umma muna shiri, muna hira, muna dariya, amma akwai wata kunya a tsakaninmu irin ta mutanen da suka san juna da girma. In abu ya dame ni, sai na gama kukana na share ido sannan nake kiranta. Ita ma ta sani, ba ta taɓa tambaya ba. Yarinyar da aka ɗinka wa rigar nan dai har yau ba ta ga zuwan uwarta ba.